Littattafai Uku a Hannun Baduku

Zariya, 9 ga Satumba, 1956

Zuwa ga Kawu Lawwali Baduku, bakin kasuwar Jibiya.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fata kana lafiya, da Inna Hajo da duk mutanen gida. Yaya gwiwar nan tata? Ni lafiyata lau, sai ɗan mura da na kwaso a bayan mota.

Na san kun zuba ido ba ku ga na biyo ba. Da na gama gaida kaka a Maraɗi aka ce gulbin Jibiya ya kawo, mota ba ta ƙetarewa, shi ya sa na bi ta Damagaram na faɗo Kano, daga can na wuce makaranta.

Abin da ya sa na rubuto shi ne littattafan nan uku da na bari a wurinka, da ka ce 'yan duwan, wato masu kwastan na Faransi, suna ƙwace duk takardar da ta fito daga ƙasar Ingilishi. Kawu, ba nawa ba ne. Na malaminmu na Turanci ne, wani tsohon Bature da muke kira Mai Lofe. Bai taɓa ba wani ɗalibi aron littafinsa ba sai ni. A watan Disamba zai bar aiki ya koma gida, kuma kafin ya tafi shi ne zai rubuta takardar shaida ga wanda za a tura babbar makaranta ta Badun. Mutum ɗaya za a tura. In na mayar masa da kayansa lafiya ina da rabo, in ban mayar ba, shi ke nan.

Kada ka ga ƙanana ne ka raina su. Waɗanda suka rubuta su, duk duniya an san da su, ana girmama su kamar yadda muke girmama manyan malamai. Ɗaya wani mutumin Rasha ne ya yi shi, labarin wani tsohon alƙali da ya kama hanya cikin ƙanƙara don ya nemi gafarar mutumin da ya ɗaure bisa kuskure. Na biyu wata mata ce ta Ingila ta rubuta, a kan wata bazawara da ta gaji jirgin fito daga mijinta. Na uku na wani Bafaranshe ne, an juya shi da Turanci, labarin kukun wani janar da ya gudu daga yaƙi a kan dokin maigidansa.

Ɗantala direba zai zo Zariya da fatu in hanya ta bushe. Shi kaɗai za ka ba. Kafin nan, don Allah ka kula da su kamar yadda kake kula da littattafan marigayi Malam babanka.

Ɗanka,
Uwaisu

*

Jibiya, 20 ga Safar

Zuwa ga ɗana Uwaisu ɗan Mariyamu, babban ɗan boko.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Takardarka ta iso, na ji daɗi da ka rubuto da ajami, ashe boko bai cinye ka duka ba. Muna lafiya. Gwiwar Innarka ta yi sauƙi, ranar kasuwa ma ita ta kori akuyar maƙwabta har bakin gulbi. Murarka kuwa ka sha citta.

Batun littattafai, kwantar da hankalinka. Da na karanta inda ka ce a kula da su kamar na Malam babana, sai da idona ya cika. Kakata da kakar uwarka ciki ɗaya sunka fito, amma ban san zumunci ya kai ka riƙa tuna Malam ba. Nan take na ɗauko su na duba, kuma wallahi na ji tausayin malaman nan naku. Mutane masu daraja haka, an kama littafinsu an ɗinke mishi baya da zare, an shafe da ƙaro, an ƙulle shi kamar ɗan fursuna. Ta ina mutum zai zari falle ɗaya ya ba ɗalibi ya je ya kwafa? Ta ina za a shanya shi in ya sha laima? Kai ka ga littattafan Malam, kowane falle daban yake, a jere cikin gafaka, shekara sittin ba abin da ya same su.

To, na kwance su. Kwana biyu na yi da aska ina bin zaren a hankali, ko falle ɗaya bai yage ba. Bangon kwali da sunka zo da shi ba wani abin kirki ba ne, Innarka ta sa shi ƙarƙashin tulu. Na yanka jar fatar akuya, irin wadda nake ɓoye wa manyan baƙi, na ɗinka gafaka uku, kowace da igiyar ratayawa.

Da na zo sa su sai na ga gafakun sun ɗan gaza tsawo, da kamar faɗin yatsa. Na kira Saje Manu, tsohon sojan nan da ya je yaƙin Bama, wanda ke zama gindin ɗorawa kusa da sandar iyaka, don shi kaɗai ke karanta Turanci a unguwarmu. Na nuna mishi wani ɗan layi da ke saman kowane falle. Ya duba ya ce magana ɗaya ce ake ta maimaitawa tun daga farko har ƙarshe, sunan littafin ne kawai. Na ce to wanda ya karanta sau ɗaya ai ya ji. Na datse kawunan duka, yanzu sun zauna daram.

Abu ɗaya ya ba ni mamaki. Malamanmu in sun ƙare falle, sukan rubuta kalmar da za ta fara na gaba a can gindi, don kada a ruɗe. Naku ba su yi ba. Ka gaya wa Baturenka wannan sakaci ne, in ya koma gida ya yi musu magana.

Kada ka ce za ka biya ni fatar. Aikin zumunci ne.

Kawunka,
Lawwali

*

Zariya, 3 ga Oktoba, 1956

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina fata kowa lafiya. Ni dai tun da na karanta takardarka abinci bai wuce min ba.

Kawu, da na ce ka kula da su kamar na Malam, nufina ka sa su a akwati, ka rufe, kada gara ta ci. Littafin Turawa a ɗinke ake yinsa, haka mai shi yake son abinsa. Na karanta inda ka ce ka datse kawunan sau uku, ina fata idona ne ya gani ba daidai ba.

Abin da ya faru ya faru. Yanzu ga roƙona, kuma na rubuta shi dalla-dalla don kada a sake samun wata fassara. Kada ka ƙara taɓa su. Kada ka buɗe gafakun. Kada ka shanya su. Abu mafi muhimmanci, kada fallayen wani su kusanci na wani, domin duka ukun gida ɗaya ne ya buga su, girmansu ɗaya, rubutunsu iri ɗaya, kuma layin da ka datse shi ne kaɗai ke nuna wane falle na wane littafi ne. Ka roƙar min Inna ta ciro kwalayen nan daga ƙarƙashin tulu.

Jiya Mai Lofe ya tare ni a baranda ya tambaye ni ina na kai a labarin alƙali. Na ce ina nan ina bi a hankali. Ya ce haka ake so, littafi irin wannan ba a yi masa gaggawa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ɗanka,
Uwaisu

*

Jibiya, 23 ga Rabi'ul Awwal

Zuwa ga ɗana Uwaisu.

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, an fara cirar gyaɗa, ta yi kyau bana ta wajen Bugaje. Kai kuma ka ci abinci, rama ba ta yi wa ɗan makaranta kyau.

Takardarka ta yi sati biyu a jakar wani ɗan kamasho kafin ya tuna da ita. Da ta zo da wuri da na bi maganarka, amma ta tarar an riga an yi shanya. Ka san bayan damina dole a fito da littattafai su sha rana, haka Malam yake yi. Na shimfiɗa tabarma uku a ƙofar rumfa, kowane littafi da tashi, na danne da duwatsu. Ana cikin haka wani mutumin Riko ya zo ƙetarewa da kejin zabbi a ka, jandarma ya ce ya sauke a duba, garin saukewa murfin ya buɗe. Zabbi goma sha huɗu, Uwaisu, kuma ba su ga wurin sauka ba sai kan tabarmina. Mutanen kasuwa sun yi ƙoƙari. Har hayin Faransi anka bi fallaye, wani jandarma da kanshi ya miƙo guda biyar ta saman sanda. Ba wanda ya ɓace, na tabbata, sai dai sun zama tsibi ɗaya.

Kada gabanka ya faɗi, an gyara. Saje Manu ya ce wannan ƙaramin aiki ne ga wanda ya taɓa jera kamfani guda a fareti. Ya nuna mini ashe akwai lamba a gindin kowane falle. Ya jera su bisa lamba, masu ɗaya su uku wuri guda, sannan masu bi musu su uku, haka har ƙarshe. Da ya gama sai ga littafi ɗaya ƙato, mai kwarjini, irin wanda in ka ɗauko shi mutane za su gyara zama. Na ɗinka mishi gafaka babba. Ƙananan ukun suna nan, in kana so.

To, garin jerawa Saje ya fara karantawa, garin karantawa ya fara fassara wa masu jiran a ɗaga sanda. Yanzu kullum bayan la'asar gindin ɗorawa ba wurin sa ƙafa. Turancin Saje na bariki ne, kuma sau da yawa magana takan yanke a tsakiya in an juya falle, amma shi yakan ɗinke ta da bakinshi, ba ka gane wurin ɗinkin.

Kai ka ce labari uku ne. Ɗana, ban so in kunyata ka, amma ba ka fahimci karatun ba. Labari ɗaya ne. Ga tsohon alƙali shina tafiya cikin ƙanƙara, a juya falle ga bazawara a bakin ruwa tana duban hanya, a sake juyawa ga kuku a kan dokin sata shina zabga gudu. Ko yaro ya san inda anka dosa. Su biyun wurin bazawarar za su, kowa na so ya riga.

Gari ya rabu biyu. Fataken Maraɗi suna bayan kuku, wai nasu ne, ɗan Faransi. Mu na wanga ɓangare muna bayan alƙali, don dattijo ne mai mutunci, ko da yake tafiyarshi ta cika nawa, falle arba'in ke nan bai wuce ƙauye biyu ba. Innarka tana aiko a ba ta labari ta katanga. Ita ta ce bazawarar kada ta kula kowa cikinsu, mace mai jirginta me za ta yi da tsoho mai tari ko ɓarawon doki. Shekaranjiya wani direban Tasawa an ɗaga mishi sanda ya ƙi wucewa, ya ce sai ya ji ko dokin ya ƙetare gada.

Kwalayen da ka ce, an ciro. Biyu sun jiƙe, ɗaya akuya ta ɗanɗana.

Kawunka,
Lawwali

*

Zariya, 5 ga Nuwamba, 1956

Kawu,

Gaisuwa. Lafiyata ƙalau in ban da wannan magana.

Ban san ta inda zan fara ba. Alƙalin nan a Rasha yake. Bazawarar tana Ingila. Kukun yana Faransa, kuma ya riga su da kusan shekara ɗari. Waɗanda suka rubuta su ba su taɓa ganin juna ba. Alƙali ba neman aure ya fita ba, na faɗa maka tun farko, gafara ya je nema. Ba za su haɗu ba, Kawu, ko Saje ya karanta har tashin duniya. Ka sanar da mutane haka, kowa ya kama harkarsa.

Na ji labari Ɗantala ya zo Zariya ranar Laraba da fatu. Na bar darasi na je har tasha, ya ce ba ka ba shi komai ba, wai ka ce ana cikin aiki da kayan. Har ya tambaye ni ko na san wanda zai samu bazawarar, don shi ɗan bayan kuku ne.

Saura sati biyar Mai Lofe ya tafi. Ya fara ɗaure akwatunansa, kuma ya ce duk mai kayansa ya kawo. Da ya faɗa ni ya kalla. Uwata ta sayar da saniyarta don in kai inda nake, ka fi kowa sani. In takardar nan ta wuce ni, zan dawo gida da hannu biyu, kuma Baturen zai tafi ƙasarsu yana cewa ya ba ɗan Katsina amana ya ci. Wannan ya fi komai yi min ciwo.

Don girman Allah ka ba Ɗantala su a zuwansa na gaba, yadda suke, a gauraye.

Uwaisu

*

Jibiya, 24 ga Rabi'us Sani

Zuwa ga ɗana Uwaisu.

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Na ga wannan karon ba ka tambayi gwiwar Innarka ba, ta ce a gaya maka ta lura.

Na san na yi shiru, kuma na san Ɗantala ya sake zuwa hannu wofi. Laifina ne, ban ɗora wa kowa ba. Ranar da takardarka ta zo na ɗauki gafaka zan kai tasha, sai na tarar da mutum ya fi sittin a gindin ɗorawa, har da Liman, wanda da ya ce abin shiririta ne, yanzu kuwa shi ke fara zuwa da buzunshi. Saura falle kaɗan. Na tsaya da gafaka a hammata, na duba fuskokinsu, na kasa. Na ce a raina kwana takwas ba za su kashe Bature ba.

Maganar da ka ce in sanar, cewa ba za su haɗu ba, ban sanar ba. Kai kana Zariya, ni nake zaune da mutanen nan.

To, an ƙare ranar Lahadi, kuma maganarka ta fito. Na kuku ya fara ƙarewa, ya sayar da dokin ya buɗe gidan abinci, fataken Maraɗi sunka tashi suna tsaki. Bazawara tana nan da jirginta ba ta auri kowa ba, Innarka ta yi guɗa ta katanga. Alƙali kuwa, saura zango ɗaya ya isa, ya zauna gindin wata itaciya ya huta, bai tashi ba. Saje da ya zo wurin sai ya ajiye fallen ya share ido, mutumin da ya ga yaƙin Bama. Can Liman ya ce, ko ba komai ya mutu a hanyar zuwa wurin wadda ke jiranshi. Anka watse a haka.

Ga su nan na ba Ɗantala, cikin babbar gafaka, da ƙananan uku, da abin da ya rage na kwalaye. Na sake karanta takardarka, wurin saniyar Mariyamu, kuma ban ji daɗin kaina ba. Ni gyara na yi niyya. In Baturen zai yi faɗa, ka ce mishi wani tsohon baduku ne a Jibiya ya yi, ba kai ba. In ya ga dama ya zo, ina rumfata.

Kawunka,
Lawwali

*

Zariya, 16 ga Disamba, 1956

Zuwa ga Kawu Lawwali.

Gaisuwa mai yawa. Ina gaida Inna Hajo, ina tambayar gwiwarta sau biyu, da na wancan karon. Ina gaida Saje da Liman.

Kaya sun iso saura kwana goma sha biyu Mai Lofe ya tafi. Na yi tunanin ƙarya iri-iri, har da cewa 'yan duwan sun ƙwace. Daga baya na ɗauki gafakar na tafi ofishinsa na ajiye a kan tebur. Ya ce mene ne wannan. Na ce littattafanka ne, ranka ya daɗe. Ya ce uku ya ba ni. Na ce suna ciki duka.

Ya kwance igiya, ya zaro falle ɗaya, ya zaro na biyu, ya zaro na uku. Kunnuwansa suka yi ja. Ya cire lofen daga baki, abin da ban taɓa gani ba ko a aji. Ban jira ya tambaya ba, na fito da takardunka na fassara masa su daga farko har ƙarshe, ban tsallake ko zabbi ba. Wurin da ka ce marubutan sun yi sakaci ya yi wani tari. Wurin direban Tasawa ya sa na maimaita. Da na zo maganar Liman sai ya tashi ya je taga ya daɗe yana kallon waje.

Da ya juyo ya ce shi ba zai rubuta wa kowa shaida a kan tausayi ba. Ya ce na ce na karanta littattafan nan, to ga hanyar da za a gane. In raba su uku, kowane falle ya koma gidansa, ba tare da na duba wani kwafi ba. In na gama kafin ya tafi, zai duba. In akwai falle ɗaya a inda ba nasa ba, in manta da Badun.

Kawu, falle ɗari huɗu da sittin da biyu ne. Na shimfiɗa su a ɗakin karatu, kwana tara ina rarrafe a tsakaninsu. Inda aka ambaci suna ko ƙanƙara ko jirgi, da sauƙi. Amma akwai fallaye da yawa da ba kowa a ciki sai mutum yana tunani, ko ana kwatanta ruwan sama. Nan na gane da can ban karanta su ba, wucewa kawai na yi ta kansu don in ce na karanta. Sai da na koyi jin muryar kowane. Mutumin Rasha ba ya sakin magana sai ya juya ta sau uku. Matar Ingila tana yi wa mutanenta dariya a ɓoye. Bafaranshen kuwa ko jana'iza yake ba da labari sai ya faɗi abin da aka ci. Da wannan na raba na ƙarshe.

Ya zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yini guda. Da ya kai ƙarshe ya jawo takarda ya rubuta, ya sa hannu, ya ba ni in kai wa shugaban makaranta. Ni za a tura Badun, Kawu.

Sannan ya ce shekara ashirin da shida yana koyar da littattafan nan, ɗalibai suna hamma, bai taɓa jin wanda ya ƙi ƙetare iyaka saboda su ba. Ya ce babbar gafakar shi zai tafi da ita, zai sa takardunsa. Littattafan kuwa ya ce a mayar Jibiya, kyauta, don a can ake karanta su. Ga su nan wurin Ɗantala, kowane a ƙaramar gafakarsa, a jere daidai. Na rubuta sunan kowane a saman kowane falle da hannuna. Yanzu sai Saje ya karanta muku su yadda masu su suka rubuta, ɗaya bayan ɗaya.

Na yi fushi da kai ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ya wuce.

Ɗanka,
Uwaisu

*

Jibiya, 25 ga Jimada Ahir

Zuwa ga ɗana Uwaisu, mutumin Badun.

Bayan gaisuwa. Muna lafiya. Ranar da labarinka ya zo Innarka ta dama fura ta raba wa unguwa, ni kuma na rufe rumfa na tafi da ƙafata har wurin Mariyamu na gaya mata. Ta yi kuka, ni ma na taya ta kaɗan. Na yi murna, ɗana, murnar da ban yi irinta ba tun da daɗewa. Allah ya sa albarka. Ka gaida Baturen in kana rubuta mishi, ka ce in igiyar gafakar ta tsinke ya aiko a gyara.

Littattafai sun iso, kuma mun bi maganarka. Saje ya fara da na alƙali shi kaɗai. Ranar farko mutum hamsin, ranar ta huɗu goma sha biyu, ranar ta bakwai daga ni sai Liman sai wani kurma mai sayar da igiya. Ba wai labarin ba shi da kyau ba ne. Malamin nan na Rasha ya san zuciyar mutum, na yarda. Amma tsohon nan shina ta tafiya cikin sanyi, a juya falle shi ne, a sake juyawa shi ne, ba mai duban hanya saboda shi, ba ma wanda ke tsere da shi. Kuma mun riga mun san itaciyar da ke jiranshi. Liman ya ce shi ba zai iya zama a kai dattijo can shi kaɗai ba. Innarka ta aiko ta katanga cewa wanda duk ya raba bawan Allah nan da mutane bai kyauta ba. Ban gaya mata kai ne ba.

Na san kwana tara ka yi kana rarrafe, kuma na ga rubutunka a saman kowane falle, mai kyau, ko ɗaya ban datse ba. Saboda haka duk ranar da ka zo kana son su a rabe, aikin rabin yini ne.

Ranar Juma'a bayan an sauko, ni da Saje munka shimfiɗa tabarma munka mayar da su yadda suke, bisa lamba, uku-uku. Na yanka wata fatar na ɗinka sabuwar babbar gafaka. Jiya an fara daga farko, gindin ɗorawa ya cika har kan hanya, jandarma biyu sun matso da bencinsu jikin sanda. Fataken Maraɗi sun ce wannan karon kuku zai riga.

Wannan ba sai ka gaya wa Baturen ba.

Kawunka,
Lawwali